Gaisuwa a Bakin Rijiyar Kademi

Da sunan Allah nake buɗe wannan babi, wanda na fi shekara ina kewaye shi. 'Ya'yana, kun tashi kuna ganin tabon da ke tafin hannuwana biyu, kun kuma tashi da labarinsa. An gaya muku ranar da yayana Iliyasu ya faɗa rijiya, ƙarfen Turawa ne ya ci amanarmu, ni kuwa na riƙe igiya har ta cinye mini fata ban saki ba. Na sha jin kuna ba abokanku labarin nan kuna alfahari, na yi shiru. To kwanakin baya autanku, wanda na sa wa sunan marigayin muke kiransa Baffa, ya sami aikin hawa turakun waya, Inna Rabi matar marigayin kuma ta rantse ba za ta yafe masa ba muddin ya ɗaura ƙarfe a ƙugunsa. Shirun da na yi ya fara cin wanda bai ji ba bai gani ba. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Gidanmu a Toranke gidan haƙar rijiya ne tun kakanni. Da damina mu noma gero da gyaɗa kamar kowa, da rani mu bi ƙauyuka muna haƙa sabuwa, muna yashe tsohuwa. Yadda Baba ya gada kuwa shi ne, a kafa turken kirya kamar taku goma daga bakin rijiya, a naɗa masa igiyar rama mai kaurin wuyan hannu sau uku, maza uku su zauna a ƙasa su dogare ƙafa su riƙe. Mai shiga ya ɗaura ɗaya bakin a ƙugu, ya riƙa taka ramukan da aka sassaƙa a jikin rijiya, yana sauka ana sakar masa, yana hawa ana janyewa. Aikin yana da doka guda da ba a wasa da ita: mai riƙon igiya ba ya amsa gaisuwa. Ko dagaci ne ya zo wucewa. Daga Toranke har Ajingi kowa ya san haka. In ka hango turke da maza uku zaune sun yi jugum, sai ka kama bakinka ka wuce, ko ka gai da masu jan guga. Ba wanda ya taɓa jin haushi.

Yaya Ilu shi ne mai shiga. Ya ba ni shekara bakwai, ƙato ne mai faɗin kafaɗa, magana kaɗan, dariya da yawa. Ni kuwa kun san ni, tun ina saurayi rabin hankalina yana cikin littafi. Akwai wani mai shimfiɗa littattafan soyayya a kan tabarma ranar kasuwar Ajingi, direbobin bas ke kawo masa daga Kano, duk abin da na samu a wurinsa yake ƙarewa. Ina tafe da ɗaya a aljihu, ina ganin kowace budurwa kamar farin wata, kowane saurayi kamar wanda aka haifa don ya sha wuya a kan ƙauna. Yaya ya sa mini suna Malam Bege. Idan mun zauna hutu a inuwa yakan ce in karanta masa shirmen nan nawa ya ji ko barci zai ɗauke shi, ya rufe fuska da hula kamar ba ya saurare. Da na yi shiru sai ya ɗaga hular.

"To, Malam Bege, ya aure ta ko bai aure ta ba?"

A lokacin zuciyata tana Kademi, wurin mahaifiyarku Bilkisu, 'yar Malam Hamza. Ta kawo mana kunu wata shekara da muka yi aiki a unguwarsu, ta ajiye ƙwarya ba ta ko dube ni ba, ni kuwa na kwana bakwai ina jin ƙamshin tsamiya a mafarki. Na rubuta mata wasiƙu da kalmomin da na aro daga littattafai, daga baya ta gaya mini ita da ƙawayenta dariya suke sha. Manya sun riga sun shiga maganar, amma ba a sa rana ba, domin Malam Hamza mutum ne mai nauyin baki. Idanunsa sun fara rauni, yana tafiya da sanda. Duk zuwan da na yi, daga nesa nake durƙusawa in gaishe shi, ya amsa a taƙaice ya ci gaba da jan carbinsa.

Shekarar da nake son ba ku labari, masu kafa turken wayar salula suka zo Ajingi suka ɗebi leburori, aka ɗauke ni saboda na iya karatu. Babban mai hawansu wani Bulus ne, mutumin duwatsun Jos, siriri mai yawan barkwanci. Ya ce a garinsu ranar hutu shi da abokansa sukan hau tsiraran duwatsu don nishaɗi kawai, ɗaya yana sama, ɗaya yana ƙasa riƙe da ransa. Wannan magana ta tafi da ni, na ga kamar daga littafi ta fito. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne mutum ɗaya tak ke riƙe shi, a tsaye, da wani ɗan ƙarfe da bai fi tafin hannu ba maƙale a ɗamarar ƙugunsa. Igiya ce ke bi ta cikin ƙarfen tana lanƙwasa, lanƙwasar nan ita ke shanye nauyi, har yaro ya iya tsai da ƙato. Bulus ya koya mini, na riƙe shi ya fi sau ashirin. Da zazzaɓi ya kwantar da shi, Iya mahaifiyarmu ta riƙa aika masa da kunu da fura har ya miƙe. Ranar da za su tashi ya kira ni bayan motarsu, ya ce ba shi da abin saka wa Iya sai ta hanyar 'ya'yanta. Ya fito da igiyar roba siririya, da ɗamara, da ƙugiya mai makulli, sannan ya ajiye ƙarfe biyu ya ce in zaɓi ɗaya.

Na farko toka-toka ne, mai nauyi, duk ya kurje, yana da ɗan hannu a gefe da wani haƙori a ciki. Idan igiya ta fizga da ƙarfi sai haƙorin ya cije ta da kansa. A jikinsa an zana hoton hannu da hoton mutum don kada a zura igiya a juye. Na biyu kuwa siffar lamba takwas gare shi, zobe babba da zobe ƙarami, santsi kamar an lashe, launinsa ruwan zinare, rana tana wasa a kansa.

"Habu, ɗauki mummunan nan," in ji Bulus. "Ko shi ba a sakar masa igiya, amma ranar da hankalinka ya tafi yawo, shi yana nan."

Na tambaye shi takwas ɗin fa.

"Wannan bai san komai ba sai hannunka. Ka riƙe ya riƙe, ka saki ya saki. Ni kuwa na ga yadda kake tsayawa kana kallon gajimare kana murmushi kai kaɗai."

Na kawo masa hujja. Na ce aikinmu na laka ne da yashi, za su cushe haƙorin, takwas kuwa ba abin da zai lalace a jikinsa. Ya yarda akwai gaskiya a ciki, amma ya ce wanki kullum ya isa maganin wannan. Na nace. Yau zan faɗa muku abin da ban faɗa masa ba: ba laka nake tunani ba. Ina hango kaina ne tsaye a Kademi, abin nan yana ƙyalli a ƙuguna, Bilkisu ta leƙo ta katanga ta gani. Bulus ya girgiza kai ya miƙo mini. Ya sa na maimaita masa sau uku cewa zan duba makullin ƙugiya kafin kowace shiga, zan ɗaure kaina a jikin itace tunda Yaya ya fi ni nauyi, kuma hannuna na dama ba zai bar wutsiyar igiya ba ko kunama ce ta harbe ni.

Baba bai so ba. Ya juya ƙarfen a hannunsa, ya ƙwanƙwasa shi da farce, ya ce ƙarfinsa ba ya shakka, amma yana da tambaya ɗaya.

"In kana tsaye kai kaɗai kamar mai jiran mota, wa zai san rai kake riƙe da shi?"

Ban fahimci tambayar ba, na ɗauka irin ƙin sabon abu ne na tsofaffi. Yaya Ilu ne ya goya mini baya. Samun maza uku na riƙo ya fara wuya, samari duk sun tafi cirani, gwiwoyin Baba kuma sun ƙi. Muka gwada da buhun gero, muka gwada da biyu, sannan Yaya ya ɗaura ya shiga. Ya fito yana dariya ya ce a karon farko shirmen Malam Bege ya haifi abin kirki. Muka yi rabin rani a haka lafiya lau, muka bar turken kirya a jingine a bayan rumbu.

Sai aka kira mu yasar wata tsohuwar rijiya kusa da masallaci a Kademi. Na sa hulata ta zuwa zance, Yaya ya yi ta tsokanata a hanya wai laka za ta yi mata ado. Da hantsi ya yi mun ci rabin aiki. Na ɗaure kaina a gindin wata darbejiya, ina tsaye a inuwa, igiya ta bi ta kan gungumen da muka gitta a bakin rijiya. Masu jan guga biyu sun tafi zubar da laka bayan masallaci. Yaya ya yi kira daga ƙasa cewa zai hau ya sha iska, na amsa, ya fara taka ramuka ina janye igiya kaɗan-kaɗan. Ku gane wannan da kyau: idan mai hawa yana kan ƙafafunsa, ba ka jin nauyin komai a hannu. Igiyar sai ka ce zaren da ba ya riƙe da kowa.

A nan Malam Hamza ya ɓullo da sandarsa. Bai ga turke ba, bai ga maza uku zaune ba. Da idanunsa masu rauni saurayi kawai ya gani tsaye a inuwa da hula mai kyau. Ya yi sallama, ya matso, ya gane ni, sai ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya miƙo mini hannu. 'Ya'yana, ban manta da doka ba. Na tuna ta sarai. Amma zuciyata ta buga ta ce ga ranar da kake jira, tsoho ya karɓe ka, za ka bar hannun surukinka a iska? Ta ce numfashi ɗaya ne kawai. Na durƙusa, na miƙa hannun dama, na tallafe shi da na hagu yadda tarbiyya ta koya mana.

"Baba, ina kwana."

Ya riƙe hannun bai saki ba, irin na tsofaffi. Ya tambayi Baba, ya tambayi Iya, ya tambayi gwiwar Baba. Yana cikin tambayar yadda gyaɗarmu ta yi bara na ji wani sauti a ƙuguna kamar hucin maciji. Ramin da Yaya ya taka ya jiƙe, ya ɓare, igiya tana gudu ta cikin zoben zinaren nan ba mai tsai da ita. Na fizge hannuna na cafke ta da hannu biyu, kuma a ruɗe na cafki ɓangaren rijiya, inda ƙarfe ba ya taimakon kowa. Ta ratsa tafina kamar wuta. Na rage mata gudu, ban tsai da ita ba. Daga nan sai ƙarar da har yau nake ji idan an jefa guga a rijiyar da ba ruwa.

Da turke aka fito da shi, wani tsohon turmi aka kafa, maza suka zauna suka riƙe yadda aka saba. Aka kai shi asibiti a Gaya, daga can aka wuce Kano. Ƙashin baya ya karye, ƙafafu sun tafi. Kafin la'asar labari ya riga ya haɗa kansa ba tare da na ce uffan ba. Mutane sun ga tafin hannuna a saɓule, sun ga baƙon ƙarfe, ba kuma wanda ya san yadda yake aiki. Malam Hamza da kansa ya riƙa shaida wa jama'a, yana hawaye, cewa a gabansa abin ya ƙwace, yaron nan ya yi kukan kura ya kama igiya da naman hannunsa. Bai san hannun da ya riƙe shi ne birkin ba, har ya koma ga Allah bai sani ba. Da muka dawo gida Baba ya kira ni zaure, ya daɗe yana kallon hannuwana a naɗe da tsumma.

"Ƙarfen ne?"

"Ƙarfen ne, Baba."

Kalma uku ke nan, a kansu na gina sauran rayuwata. Baba ya ɗauki takwas ɗin ya fita da shi, ban sake ganinsa ba, bai kuma sake haƙa rijiya ba. Wata guda ba na iya ɗaukar ko cokali. Rabi, da ƙaramin cikin 'yarsu Hadiza a lokacin, mijinta yana kwance a Kano, ita ce ke wanke mini ciwon tana shafa zuma, tana ba ni tuwo a baki, tana cewa hannun da ya so ya ceci mijinta ba zai ruɓe a gabanta ba. Da kaka ta yi Malam Hamza ya aiko a sa rana. Ya ce ya ga da idonsa irin mutumin da ba ya saki, shi zai ba 'yarsa. Na so a ɗaga bikin, Yaya Ilu daga kan tabarma ya ce in aka ɗaga saboda shi ba zai sake cin abinci ba. Haka na auri macen da na yi mafarki, aka kawo ta da guɗa, ni ina murmushi ina jin hucin igiya a kunnena.

Shekara goma sha ɗaya Yaya ya yi a zauren gidanmu. Hannuwansa ba su mutu ba, sai ya koma tufkar igiyar guga, ana zuwa saye har daga Ajingi. Na haɗa gonarsa da tawa ina nomawa, ni ke ɗaga shi, ni ke masa wanka ranar Juma'a, mutane suna sa mini albarka, kowace albarka tana sauka a kaina kamar garwashi. Littattafan nan sun fita daga raina, amma shi bai yarda ba, kullum bayan la'asar sai na karanta masa. Manyanku za su tuna shi yana ba ku gyaɗa daga ƙarƙashin matashinsa. A daminarsa ta ƙarshe, jiki ya yi nisa, ina cikin karatu ya ɗaga hannu ya tsai da ni.

"Malam Bege, ka san rijiya tana tara murya? Na ciki ya fi na waje jin abin da ake faɗa a bakinta."

Littafin ya yi mini nauyi a hannu.

"Na ji sallamar tsohon. Na ce a raina, Habu ba zai amsa ba, ɗan gidanmu ne. Sai na ji ka ce, Baba ina kwana. Da na tsaya inda nake na jira ku gama. Ni ma na yi ganganci, na ci gaba da hawa."

Na kifa kaina a gefen tabarmarsa. Da na ɗago na tambaye shi me ya sa bai taɓa faɗa ba, shekara goma sha ɗaya yana kallona ana yabona.

"In faɗa in sami me? Ƙafafuna su dawo? Tsoho ya mutu da baƙin ciki, yarinya ta rasa miji, Baba ya rasa ɗa guda da rabi maimakon rabi. Na yafe tun ina ƙasan rijiyar, kafin ku fito da ni." Ya ja hularsa ya rufe fuska. "Ɗauki littafinka. Ya aure ta ko bai aure ta ba?"

Bai ga girbin shekarar ba. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ciwon ya zama kaffara. Yafiyarsa ta zame mini mafaka, na ce tunda mai haƙƙi ya rufe, ni wane ne in buɗe. Mahaifiyarku ta rasu shekara uku da suka wuce tana ganin ta auri jarumi. Na so ta fiye da duk abin da aka taɓa rubutawa a littattafan nan, amma ban taɓa barin ta san wanda take zaune da shi ba, wannan kuma rashi ne da ba ni da inda zan kai ƙararsa.

Ranar Juma'ar da ta wuce, da na ga wa'adin takardar aikin Baffa yana neman wucewa, na shiga wurin Rabi. Tana zaune a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Na zauna nesa kaɗan na faɗa mata komai, tun daga bayan motar Bulus har zuwa maganar Yaya. Hannunta bai daina ɓara ba har na gama. Sannan ta ce in nuna mata tafina. Na buɗe. Ta daɗe tana kallo.

"Ni na shafa musu zuma," ta ce. "Da cikin Hadiza a jikina."

Ta ɗauki farantinta ta shige ɗaki. Washegari ta aika aka kira Baffa, ta ce ta janye rantsuwarta, ya tafi aikinsa, Allah Ya tsare.

Baffa, saura kai. Idan suka ajiye maka ƙarfe suka ce ka zaɓa, ɗauki mummunan nan mai cizo da kansa, ka wanke shi kullum, ka dubi hoton da ke jikinsa kafin ka zura igiya, kuma duk da cizonsa kada hannunka ya bar ta. Jinina ne a jikinka, na sha ganinka kana kallon gajimare. Idan kana riƙe da mutum, ka gaya wa na kusa da kai su tare maka masu zuwa. Kowa ya yi sallama ka bar ta a iska, ko ni ne na taso daga Toranke da sandata na miƙo maka hannu.

Ni kuwa kowace safiya ina tsayawa a ƙofar ɗakin Rabi in gaishe ta. Yau kwana shida ba ta amsa ba. Ina jin motsinta a ciki, ina jin carbinta. Kada ɗayanku ya je ya ba ta baki. Abu mai nauyi na ɗora mata, da hannu biyu take riƙe da shi, a gidanmu kuwa mun san ba a jiran amsa daga mai riƙo. Gobe ma zan je in tsaya.